Wata Bakwai Baba Bai Yi Aski Ba

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya Baba, ya yara, ya haƙuri da mijinki Direba wanda zai kawo miki wanan takarda in bai zauna a kanta ba. Tunda kin daina ɗaga wayata kince bana barinki kiyi magana, to gashi na koma biro da takarda. Kinga anan ma ni kaɗai zanyi magana har in gama, kin cuci kanki.

Albishirinki. Jiya anyi mini alurar rigakafin annobar nan. Walahi Yaya da kinga ƙaninki da kinyi alfahari. A zauren wata makaranta akeyi, layi har waje. Wani ƙato yana gabana, ƙirjinsa kamar ƙofar shagona, yana ganin alura sai ya zauna a ƙasa yace jiri yakeji. Ni kuwa na naɗe hanun riga tun ina na goma a layi. Nas ɗin tace in saki jiki, nace mata baiwar Allah shekara ashirin da biyu ina riƙe reza a maƙogwaron mutane, ɗan tsinken nan ne zai bani tsoro. Na ɗan rufe ido amma saboda fitilar wajen tayi haske dayawa. An bani kati mai hatimi, na liƙashi a saman madubi kusa da hoton askin da nake nunawa mutane, duk wanda ya zauna a kujera sai ya kalleshi ko yanaso ko bayaso.

To maganar da ta kawoni itace. Ranar Asabar zanzo inyiwa Baba aski. Kinsan tunda na buɗe shago duk sati biyu nake zuwa da jakata, ban taɓa fashi ba ko ranar da maman yara take naƙudar ɗanmu na biyu saida nayi masa sanan na wuce asibiti, har yau tana mini gori. Yau wata bakwai kenan tunda akayi kulle kika rufe mana ƙofa. Ban ce kinyi laifi ba, ƙirjin Baba sai a hankali. Amma yanzu shi anyi masa alura ni anyi mini, me kuma ya rage. A waya bayajin komai sai eh eh yake cewa, rannan ina bashi labarin mutuwar maƙwabcinmu yanata dariya. Ni sonake ya ganni in riƙe kansa da hanuna.

Nasan kinyi aikin nas shekara ashirin kafin ki ajiye ki zauna dashi, kinfi kowa sanin cuta. Amma gashi kuma fanni nane. Kan Baba yanzu nasan ya zama daji, in na ƙara sati sai na nemi zartonsa na kafinta.

Ki gaida Baba da ƙarfi a kunensa na dama. Kice Autansa yana tafe.

Ƙaninki,
Auta, mai askin da babu na biyunsa a layinmu

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso lafiya, a aljihun gaba Direba ya sa ta. Mu duka muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na ji daɗi da ka je aka yi maka, Allah ya sa a dace.

Ba za ka zo ranar Asabar ba. Allura ɗaya aka yi maka, biyu ce. Ta biyun sai bayan sati huɗu, sannan a jira sati biyu jiki ya karɓa. Sati shida ke nan. Baba ya gama nasa tun watan jiya, amma shekara arba'in ya yi yana shaƙar garin katako, ƙirjinsa ba ya ɗaukar ko mura. Kai kuwa kana wuni numfashin mutum talatin yana sauka a fuskarka. Na san za ka ce ko a tsakar gida ne da takunkumi. Ba a aski daga nesa. In ka zo gemu dole ya cire nasa, hancinka yana dab da nasa, ga shi bakinka ba ya rufuwa.

Gashin kam ya taru, ya rufe kunnuwa. Direba ya ɗauko almakashi zai rage masa, Baba ya kore shi da sanda, ya ce shi yana da mai aski. Ni ma na gwada ya ƙi. Ya ce Auta zai zo.

Akwai abin da ban faɗa maka a waya ba. Baba ya fara mantuwa. Ba kullum ba. Da safe garau yake, amma wani lokaci da rana sai ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga kasuwa, ka kuwa san shekararta shida da rasuwa. Ya kuma tsiri auna ƙofar ɗakinsa da tef, yana rubuta awon a bango da fensir, gobe ya sake aunawa. Likita ya ce zaman ɗaki da rashin ganin mutane yana ƙara wa tsofaffi irin wannan. Ban faɗa don in tayar maka da hankali ba. Sunanka bai taɓa ɓace masa ba.

Ka yi haƙuri da sati shidan nan. Ka kuma kula da kanka a shago. Gai da matarka da yara.

Yayarka

*

Yaya Likita,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Nayi sati huɗu ban rubuto ba saboda fushi nake dake, in baki lura ba to yanzu na gaya miki. Amma fushin ya ƙare don shekaranjiya anyi mini ta biyu. Hatimi biyu a katina yanzu. Saura sati biyu cif, Asabar ta sama ta sama, na zana ta a kalanda da jan biro.

Maganar Baba da tef ta tsaya mini a rai kwana biyu, sanan nace kai, kafinta ne ai, in ya auna ƙofa aikinsa yakeyi. Ni ma in na tsufa nasan zan rinƙa bin kan mutane da ido. Kar ki damu ina zuwa zan bashi labari uku ya dawo daidai.

Yanzu bari inyi miki tambaya ki amsa tsakaninki da Allah. In anyiwa mutum alura kuma ance har yanzu kar ya zauna da ɗan uwansa kar ya gaisa kar yaje gidan ubansa, to alurar ta mecece. Ko ta ado ce. An barmu mun buɗe shago amma wai mutum ɗaya ciki, sauran su tsaya a waje kamar masu jiran mota. Yaya shagon aski ba gashi kawai ake zubarwa ba. Mutum yana zuwa ne ya zauna a benci ayi musu a zagi ƙungiyar ƙwallonsa ya tafi gida da sauƙin rai. Tela na kusa dani tunda matarsa ta tafi gida haihuwa kulle ya rutsa da ita acan, wata takwas bashi da mai cemasa sannu. Rannan na leƙa naga yana yiwa keken ɗinki magana.

Sai nace to ni zan gyara abinda hukuma ta kasa. Na fito da bencin nan da Baba ya haɗa mini ranar da na buɗe shago, na goge ƙura na kafa doka. Duk wanda akayiwa alura ya shigo ya zauna ya cire takunkumi musha hira. Wanda ba'ayiwa ba ya tsaya waje. Zakice ya nake ganewa. Kati bana yarda dashi, kowa zai iya aro na wansa, kuma rubutun ƙanana ne. Ni nawa gwajin yafi na asibiti. In mutum yace anyi masa sai in kama dantsensa na hagu in matsa da babban yatsa. In yayi ƙara to gaskiya ya faɗa, bisimilla benci. In ya tsaya ƙiƙam to maƙaryaci ne. Mai Faci na bakin titi da na matsa nasa saida ya daka tsalle ya kusa fasa mini madubi yana cewa wayyo ka kasheni ɗan banza. Nace wuce ciki kai naka ma sabo ne. Wani mai gyaran lantarki yazo yana cika baki na matsa yana kallona kamar icce, nace fita malam, yanata rantsuwa wai wata biyu da yi masa. Nace kaje ka gayawa wani.

Yanzu shago ya dawo shago. Tela har ƙiba ya fara. Mai Faci kullum nan yake cin burodinsa da shayi, inayi masa gyaran gemu yana bani labarin ƙarya ina bashi wanda yafi nasa. Mutanen layi suna cewa da ni aka bawa riƙon lafiyar garin nan da tuni an wuce wajen. Ni dai bance komai ba.

Wanan layin ki karantawa Baba. Baba Autanka ne. Bencinka yana nan ko ƙusa ɗaya bata motsa ba, mutum biyar suna zama har da Mai Faci da ake lissafawa biyu. Na sayi sabuwar kilifa bata cizo, kai zan fara yiwa da ita, tana cikin kwalinta ban buɗe ba. Ka riƙe gashin nan kar ka bawa Direba, shi ko layin titi baya bi daidai.

Sai Asabar ta sama ta sama.

Naki,
Auta mai hatimi biyu

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Ka shigar da bencin nan ciki yau, ba gobe ba. Ciwon dantse kwana biyu ne ko uku bayan allura. Duk wanda ka matsa ya yi ƙara, ko dai jiya aka yi masa, jikinsa bai karɓa ba tukuna, ko kuma wani abu ne daban yake damun kafaɗarsa. Mai lantarkin da ka kora, shi ne kaɗai ya cancanci zama. Ka tace mutane ka zaɓi waɗanda ba su da kariya ka tara su a ɗaki ɗaya, ka ce su cire takunkumi. Kai ma kwana nawa da yi maka ta biyun?

Tambayarka kuma ba ta banza ba ce, ba zan ce maka ba ni da ita a raina ba. Ni ma na gaji. Allura tana da amfani, za ta sa a sassauta, amma da lokacinta. Sati biyu kawai aka roƙe ka.

Na karanta wa Baba layinsa da safe. Ya yi dariya har da tari a wurin maganar Direba, ya sa na maimaita sau uku. Ya ce in faɗa maka ƙafar bencin ta baya ta hagu a kan kwali take zama, kada ka jefar da kwalin. Ka ga wannan bai manta ba. Da yamma kuma ya tambaye ni wane ne ya aiko da takarda. Na ce Auta. Ya ce, ya dawo daga makaranta? Safiyarsa tana gajarta, Auta. In ka zo ranar Asabar ka zo da wuri, kafin ƙarfe goma.

Ka rufe bencin.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Wanan takardar maman yara ce ta miƙawa Direba a cikin leda, ni ina ɗaki, ki barta a rana kafin ki buɗe in haka akeyi.

Jibi ne Asabar kuma bazan zo ba. Ba sai kin faɗa ba na faɗawa kaina.

Takardarki ta sameni ranar Litinin. Walahi nayi niyar ɗauke bencin, amma ranar anyi wasan ƙwallo shago ya cika nace bari a gama musu gobe sai in ɗauke. Goben Mai Faci baizo ba. Akace yana gida da zazzaɓi. Laraba aka kaishi asibiti numfashi yana gagararsa, aka gwada akace annobar ce. Yaya ashe mutumin nan ko ƙofar wajen alura bai taɓa zuwa ba, tsoronta yakeji. Kafaɗarsa kuma shekara uku tana masa ciwo saboda dukan taya da guduma. Da na matsa yayi ƙara ba ƙarya yayi ba, ni ne ban tambayi ciwon menene ba. Shi kuma yaga benci ga shayi ga hira sai yayi shiru. Ranar Lahadi ma saida nayi masa gemu, yana tari ina cemasa ya daina motsi zan yankeshi.

Masu gwaji sukazo layinmu da farar mota suka zura mana tsinke a hanci har saida na tuna abinda naci bara. Ni da Tela ta kamamu. Sauran ukun masu zama a benci basu da ita. An rufe shago an manna takarda a ƙofa, daidai inda nake rubuta sabon salon aski.

Kar ki tsorata jikina garau, ɗan ciwon kai ne da kasala. Likitan yace alurar ce ta taimakeni da abin yafi haka. Nace masa jikin ma mai kyau ne. Hanci dai ya tafi hutu, na buɗe kwalbar sifirit na shaƙa kamar ruwa. Maman yara tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta gudu kamar mai bawa kare mai cizo, tace wanan ne sati biyun da zata huta da surutuna tunda akayi aurenmu. Ina jinsu a falo suna kallo ni ina ƙirga silin.

Ance kwana goma sha huɗu. Mai Faci yana can an saka masa robar iska a hanci, matarsa tana kirana tana kuka wai inyi musu addu'a, bata san a bencina yake wuni ba takunkumi ba. Ban iya gaya mata ba.

Roƙo ɗaya. Randa na fita zanzo in tsaya a waje ta tagar Baba, gilas a rufe, ya ganni kawai in ɗaga masa hanu. Ba aski ba komai. Ki gaya masa mota ce ta lalace, kar kice masa banida lafiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Sannu da jiki. Allah ya ba ka lafiya, ya ba Mai Faci da Tela. Ka riƙa shan ruwa da yawa, in ka ji numfashi ya canza ko kaɗan kada ka tsaya wasa, ka sa a kai ka asibiti.

Ba zan yi maka faɗa ba, ɗakin da kake ciki ya isa.

Maganar taga, a'a. Na san ka, na san Baba. Yana ganin ka zai ce a buɗe, in na ƙi ya tashi da kansa, kai kuma ba za ka iya juya masa baya ba. In ka cika kwana goma sha huɗu, ka ƙara sati ɗaya a kai don hankalina ya kwanta, sannan ka zo gaba ɗaya da jakarka. Wannan satin ba likita ne ya ce ba, ni ce.

Ranar Asabar tun da sassafe Baba ya sa aka fito masa da kujera tsakar gida, ya yafa tawul a wuya da kansa. Na faɗa masa maganar mota. Ya ce ba komai zai jira a gyara. Sai da rana ta iso wurin na shigar da shi.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa. Na fito. An sake zura mini tsinke ance babu komai, an cire takardar ƙofar shago. Hanci ya dawo aiki, abin farko da ya fara ji takalmin ɗana ne, nace dama ka ƙara hutu. Tela ya warke. Mai Faci an sallameshi amma ya rame kamar ba shi ba, ko taya ɗaya baya iya ɗagawa yanzu, ƙaninsa ne a wajen. Naje na tsaya daga bakin ƙofa na gaisheshi, yace Auta ka yafe mini, nace kai zaka yafe mini. Muka tsaya muna kallon juna kamar sababbin surukai.

Bencin na juyashi ƙafafu sama na ɗora kwalaye akai. Mai lantarkin nan da na kora yazo aski, da zai tafi sai ya miƙo mini dantsensa yace ko zaka ƙara dubawa. Na cancanta.

Yaya satin nan da kika ƙara. Yanzu fa ni alura biyu gareni ga cutar ma na sha na tashi, duk garin nan babu wanda ya kaini tsabta, da ana sayar da jinina da layi za'ayi. Likitan da kansa yace zan iya shiga mutane. Maganar tawul ɗin nan ta hanani sukuni, ko wa na yafawa tawul a shago sai in ganta. Ki rage mini ko kwana uku ne. Bazan yi musu ba in kince a'a, na daina musu dake, amma ki duba.

Auta

*

Auta,

Ka zo gobe. Kada ka jira Asabar.

Da takardarka ta zo na ce bari in cika satina, saura kwana biyar ne. Washegari Baba ya zame a banɗaki. Bai karye ba, goshinsa ne ya ɗan fashe, an duba shi an ce babu abin tsoro a jiki. Amma tun daga ranar bai koma yadda yake ba. Kwana huɗu ke nan. Ya daina auna ƙofa. Ni yana ce mini baiwar Allah, yana yi mini godiya in na kawo abinci. Jiya na ce masa Auta yana gaishe ka, ya ce yana amsawa, irin amsar da ake yi wa gaisuwar wanda ba a sani ba.

Na zauna na yi ta lissafi. Ranar da ka fara rubuto mini, Baba ya gama allurarsa da wata guda. Da na ce ka zo tsakar gida, iska tana kaɗawa, ka sa takunkumi biyu, ka yi masa kai ka bar gemu, minti goma sha biyar, da wataƙila babu abin da zai faru. Wataƙila kuma da ya faru, ban sani ba, har yanzu ban sani ba. Abin da na sani shi ne ƙirjinsa kawai nake gadi. Likita ya faɗa mini zaman kaɗaici yana cin sa, na ji, na rubuta maka da hannuna, na kuma ci gaba da ƙara kwanaki. Kai ka yi naka kuskuren da benci, ni na yi nawa da kalanda.

Wataƙila in ya ga fuskarka abin ya dawo. Ka zo da wuri. Direba zai biyo ya ɗauke ka ƙarfe bakwai.

Yayarka

*

Auta,

Ka isa gida lafiya? Ka tafi ko shayin ba ka sha ba, na fito daga kicin na tarar har ka kai bakin ƙofa da jakarka.

Baba ya yi kyau. Kunnuwansa sun fito, ya koma kamar hotonsa na bango. Tun da ka tafi yake shafa kansa yana murmushi, ya ci abinci fiye da kullum.

Na bar ku ku biyu da gangan, ban ji abin da kuka ce ba sai ƙarar kilifa da muryarka. A ƙofa ka ce mini yana ganin ka ya ce Auta, har ya ja maka kunne. Ka faɗa da ƙarfi kana dariya, kana kallon takalminka. Ni na goya ka. In haka aka yi, ka sake faɗa mini a takarda in ji daɗi. In ba haka ba ne, ka faɗa mini ma.

Yayarka

*

Yaya,

Na iso lafiya.

Bai ja mini kune ba. Na durƙusa na gaisheshi ya amsa da mutunci yace daga ina. Nace aski nazo yi. Ya daɗe yana kallon jakar sanan ya zauna ya miƙa wuya. Na bashi labari uku kamar yadda nace, yayi dariya a biyu.

Da na gama na nuna masa madubi ya juya hagu ya juya dama yace yaro hanunka da kyau, amma ɗana ya fika. Yace shima aski yakeyi, yanada shago, surutu gareshi kamar rediyo. Nace ai nasanshi. Sai ya riƙe hanun rigata yace in ka ganshi kace masa ina nemansa, ya daɗe baizo ba, ko nayi masa wani laifi ne.

Nace babu laifin da kayi masa Baba, zan gaya masa.

Nan da sati biyu zan dawo, da wuri. Kar ki wahalar dashi da cewa nine. Kice mai aski yazo.

Ki gaida kowa.

Auta